Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibiya

A wani gari na ƙasar Kano akwai wani tela da matarsa, suna zaman lafiya da 'ya'yansu huɗu. Matar nan ba ta san lalaci ba. Ita ke daka, ita ke wanki, da almuru kuma ta soya ƙosai a zaure. Amma akwai wani kaya da take ɗauke da shi dare da rana, ba ta da ikon saukewa. Tun cikinta na fari nononta ya yi girma ƙwarai, kowace haihuwa sai ya ƙaru, in ta yaye kuma ba ya komawa.

Da farko mata na yi mata ba'a, suna cewa Allah ya yi mata arziki. Ita kuwa sai ta yi murmushi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wuyanta da kafaɗunta da gadon bayanta kullum cikin ciwo suke. Igiyar rigar nono ta yi mata rami a kafaɗa. In bazara ta yi, gumi ya taru a ƙarƙashin nonon, sai fatar ta saɓule, ta yi ta raɗaɗi. In ta yi ruku'u, ɗagowa sai da dabara. Ta sa wanzami ya yi mata ƙaho a baya, ba ta ga sauƙi ba. Wani mai magani ya sayar mata da man shafawa, ya rantse zai tsotse nonon cikin wata guda. Kuɗi suka tafi, kaya na nan. Ba mamaki, gama babu wani mai da ke shiga fata ya narke tsokar nono.

Ana nan, ran nan ta kai autarta riga-kafi, sai wata ungozoma ta ga yadda take tafiya a sunkuye. Ta ja ta gefe, ta gaya mata cewa a manyan asibitocin koyarwa, irin na Kano da na Zariya, akwai likitocin fiɗa da ke rage nono in ya zama cuta. Da ta komo gida ta shaida wa mijinta, sai ya ajiye almakashi, ya ce, "Subhanallahi! Halittar Allah za a yanke?"

Ta ce, "Malam, ni ban raina halittar Allah ba. Amma shekara goma sha biyar ke nan ban yi barci a rigingine ba."

Maganar nan ta tsaya masa a rai. Bayan sallar asuba ya tsai da limamin unguwa, ya zayyana masa. Liman ya ce malamai sun raba abin gida biyu: akwai wanda ke yanka jikinsa lafiyayye don neman ado, akwai kuma mai neman kawar da cuta. Ya ba shi labarin Sahabi Arfaja, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umurce shi ya sa na zinariya.

Abin da liman ya faɗa shi manyan malamai suka tabbatar. A shekarar 2007 majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Maleshiya, ta yanke cewa gyaran nono ya halatta in girmansa na jawo rashin lafiya. Kuma aikin ba baƙo ba ne ga Musulmi. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya bayyana a littafinsa Attasrif yadda ake rage nonon namiji in ya yi kama da na mace.

To, sai suka shirya zuwa asibiti. Matar nan ta yi ajin yaƙi da jahilci, ta sami takardar shaida. Da ta ga kunya ba za ta bar ta ta yi magana gaban likita ba, sai ta ɗauki alƙalami ta rubuta tambayoyi uku, ta miƙa masa: Zan tashi? Zan iya shayarwa? Zai sake girma?

Likita ya karanta, ya amsa ɗaya bayan ɗaya, bai ɓoye kome ba. Ya ce ana sa mutum barci da magani, aikin ya ɗauki awa 2 zuwa 3, wani lokaci ya fi. Za a tsaga kewayen kan nono, a gangaro ƙasa, a bi lanƙwasar ƙarƙashinsa. A cire kitse da tsokar nono da fatar da ta yi yawa, a ɗaga kan nonon sama, a ɗinke. Abin da aka cire kuma a kai ɗakin bincike, a duba ko da wata cuta a ɓoye. Ya ce yawanci ana tashi lafiya, amma kowace fiɗa tana da hatsarinta: zubar jini, ko ɗinki ya yi ruwa, ko ɓangare ɗaya ya ɗan fi ɗaya, ko kan nono ya daina ji. Tabo kuwa ba makawa, sai dai ya dushe, wani ma nasa yakan yi tudu. Mai shan taba da mai ciwon sukari da bai kwanta ba, su ne rauninsu ke jinkirin warkewa.

Game da shayarwa ya ce, "Hajiya, ba zan yi miki alkawari ba. Hanyoyin ruwan nono suna bi ta inda wuƙa za ta bi. Wata takan shayar sosai bayan aikin, wata kaɗan, wata ko ɗigo. Kuma sabon ciki ko ƙiba suna iya sake ƙara shi." Ya ce ba zai taɓa ta ba sai ta yaye, ta kuma ƙara watanni har ruwan ya ƙafe.

Nan fa hankalinta ya rabu biyu. Tana son ƙarin haihuwa, kuma ta san darajar nonon uwa. Ta shekara tana juya abin a zuci. Ran nan autarta ta faɗi tana kuka, ta sunkuya za ta ɗauke ta, baya ya riƙe, ta kasa. Daren nan ta ce wa mijinta ta yanke shawara: 'ya'yan da ke hannu sun fi bukatarta da lafiya. Ta kwashi adashinta, shi kuma ya sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa biyu. Da aka karanta mata takardar yarda ta fahimta, ba ta dangwala yatsa ba, sunanta ta rubuta da hannunta.

Aka yi aiki, aka cire fiye da kilo ɗaya a kowane ɓangare. Ta yi mako shida ba ta ɗauki taɓarya ba. Tabo ya zauna, kan nonon hagu kuma bai sake ji sosai ba. Bayan shekara biyu ta haifi ɗa namiji, ruwan nono bai ishe shi ba, sai da aka haɗa da madarar jarirai bisa shawarar asibiti. Wannan ya ɓata mata rai, ba ta kuwa ɓoye ba. Amma ta ce ko yau aka sake tambayarta, hannun nan za ta sake sawa.

Ashe duk wannan lokaci akwai wani mai ɓoyo a gidan. Ɗansu na fari, mai shekara goma sha huɗu, ya daina zuwa rafi da abokansa, ko ana zafi ba ya tuɓe riga. Uwar ba ta ko kama sunansa, balle ya kai mata kuka. Kakarsa ce ta tarar da shi yana ɗaure ƙirji da tsumma. Ta ce, "Kai maigidana, kishi kake da ni?" Yaro ya fashe da kuka, ya ce nono ne ya fito masa, yana so a kai shi a yanke kamar yadda aka yi wa innarsa.

Uban, da yake yanzu ya san hanya, ya kai shi wurin likitan nan. Likita ya duba shi, ya ce wannan ba ya bukatar wuƙa. Kowane namiji yana da sinadarin maza da ɗan kaɗan na mata a jininsa. Lokacin balaga ma'aunin yakan karkace, nono ya ɗan kumbura, yawanci kuma ya koma da kansa cikin wata 6 zuwa shekara 2. Haka kuwa aka yi. Irin wannan kumburi yakan sami jarirai ma, saboda sinadarin uwa. Kada a matse musu, matsa ce ke kawo ƙurji.

Ga babban mutum kuwa, sai an nemi dalili: ƙiba, ko giya, ko ciwon hanta ko ƙoda, ko cuta a maraina, ko wasu magunguna, har da allurar da samari ke yi don ƙara ƙwanji. In an gyara dalilin bai koma ba, sai a tsaga gefen kan nono a cire tsokar, a zuƙe kitsen da bututu, mutum ya sa matsattsiyar riga makonni kaɗan. Amma wanda ya ji ƙullutu mai tauri a ɓangare ɗaya, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fid da jini, mace ko namiji, kada ya jira. Cikin masu ciwon dajin nono 100, wajen 1 namiji ne.

Mai karatu, dubi gidan nan. Uwa ta bukaci wuƙa, ɗa ya bukaci haƙuri kawai, amma ba wanda ya san rabonsa sai da ya buɗe wa masani. Kunya ado ce a zaure da kasuwa, a ɗakin likita kuwa ita ce ƙawar cuta. Wanda bakinsa ya yi nauyi, ai ga alƙalami, ya rubuta ya miƙa. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, amin.