Asalin Kalmar "Haywire"

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in gaya wa 'yan'uwana akawuna da malamai labarin wata kalmar Turanci da ta ba ni kunya, sa'an nan ta koya mini hankali.

Ran nan injin da mu ke buga takardu a ofis ya rikice, yana cin takarda yana fid da shirme. Babban akawu ya dube shi, ya ce injin ya yi "haywire". Ni kuwa na san "hay" ingirici ne, "wire" kuma waya. Sai na yi farat na ce, "Ranka ya daɗe, in nemo wayar?" Duk ofis aka fashe da dariya.

Da na koma gida na bincika. Ashe daga Amurka kalmar ta fito. Siririyar waya ce wadda manoma ke ɗaure damin ingirici da ita. Masu saran itace a dazuzzukan can su kan sayi ingirici domin dawakinsu, wayar kuwa ba su yar da ita, kome ya karye sai su ɗaɗɗaure da ita. A cikin 1905 wani littafin gwamnatin Amurka na kalmomin aikin daji ya nuna da wannan suna a ke yi wa ma'aikata masu lalatattun kaya ba'a. Waɗansu kuma sun ce dalili shi ne, in an yanke wayar ta kan zabura ta cukurkuɗe. Daga nan ma'ana ta yaɗu, ko inji, ko shiri, ko hankalin mutum, in ya rikice haka a ke cewa. Amma kalmar hira ce, kada akawu ya sa ta a takardar ofis.

To, abin da ya fi kunyar nan damuna shi ne, ni ne na ɗaure murfin injin da roba wata uku da suka wuce, don ƙyuyar rubuta takardar neman gyara. Ashe dai akwai wayar, ni na sa ta. Wanshekare na je na faɗi gaskiya, na sha faɗa, amma na yi barci.

Jama'a, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowa ya duba inda ya ɗaura tasa wayar a wurin aiki, ya kwance tun da sauran dama.

Ni ne naka,
Wani Ƙaramin Akawu, Zariya.