Ranar da na sayar da dubu a ɗari shida

Aikina koyar da darasin haƙƙin ɗan ƙasa a wata makarantar sakandare a ƙasar Rogo. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne gishirin labarin.

A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya, lokacin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000. Aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, 2023, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Mu a garinmu Jajaye sababbin sai dai mu gan su a hoton waya. Masu POS suka zama sarakai, mai tumatir yana kallon kayansa suna ruɓewa.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya sayar da masararsa da kaka, ya ƙulle naira dubu 300 a akwatin ƙarfe, duk 'yan dubu-dubu da ɗari biyar-biyar. Kuɗin takin damina ne. Ba shi da asusun banki, kuma duk abin da ya shafi takarda ni yake kira. "Malam" yake ce mini, ni da ya goya a kafaɗa.

Ranar 8 ga Fabrairu Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a dakatar da wa'adin, bisa ƙarar da jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka shigar. Na ji a rediyo, na taɓe baki. Ranar 16 ga wata Shugaba Muhammadu Buhari ya yi jawabi, ya ce tsohuwar 200 kaɗai za ta ci gaba da yawo har 10 ga Afrilu, sauran a kai su Babban Banki. Na ce shi ke nan, mai hoton Sardauna ta sha, ta Zik kuwa sai jana'iza. Gwamna Ganduje yana ta gargaɗin 'yan kasuwar Kano kada su ƙi tsofaffin kuɗi, na ce siyasa ce, zaɓe ya ƙarato.

A makon nan wani mutum ya ɓullo kasuwa yana sayen tsofaffin kuɗi, dubu a ɗari shida. Maimakon in tambayi kaina me ya sa mai hankali zai sayi mushe, sai na garzaya gidan kawu.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ba na ji an ce alƙalai sun ce a dakata ba?"

Na ce, "Kawu, alƙali yana da soja ne? Shugaban ƙasa ya riga ya yi magana."

Ya ɗan yi shiru, ya ce a zamanin Shagari gwamnati ta ɗauki Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, ta jefa shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, amma kotu a Maiduguri ta ce an yi ba daidai ba, ya dawo gidansa. Gaskiya ya faɗa, a 1980 aka yi haka. Ni kuwa na yi dariyar nan ta ɗan boko, na ce wancan zamani daban. Da ya ce ko mu kai su Babban Banki a Kano, na ce layin ba zai biyu ba. In faɗi gaskiya, ƙyuya ce.

"To, kai ne mai ilimi," in ji shi. Ya miƙo makulli. Da hannuna na ƙirga dubu 300, na karɓo dubu 180, har ina yi wa mutumin godiya.

Ranar 3 ga Maris alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta. Suka ce ba a ba jama'a isasshiyar sanarwa yadda dokar Babban Banki ta tanada ba, shugaban ƙasa bai yi shawara da waɗanda ya kamata ba, kuma hana mutum taɓa kuɗinsa tauye haƙƙinsa ne. Suka yi tir da ƙin bin umarninsu na 8 ga Fabrairu, suka ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba, 2023.

Kuna tsammanin na saduda? Ina! Kwana goma na yi ina yawo a majalisa ina cewa ba za a bi ba. Abin kunyar shi ne, a ƙasan raina addu'a nake kada a bi ɗin. Na fi son ƙasa ta taka doka da a ce Malam ya yi kuskure. Ranar 13 ga Maris Babban Banki ya umarci bankuna su karɓi tsofaffin kuɗi, su kuma bayar.

Duk da haka abin bai shige ni ba sai ranar da na raka kawu sayen taki. Ya biya, mai shago ya miƙo masa canji, a ciki har da tsohuwar dubu ɗaya, ta sha hannu, gefenta ya ɗan yage. Kawu ya miƙe ta a tafin hannunsa, ya juya gaba, ya juya baya, kamar mai duba lafiyar akuya. Bai kalle ni ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Na tsaya ina kallon buhunan da aka ɗora a kan babur, ina lissafin waɗanda babu. Nan take na tuna allon ajinmu, inda na sha rubuta sashe na 287 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya wajabta wa kowace hukuma da kowane mutum bin hukuncin Kotun Ƙoli. Shekaru ina ba yara maki a kan wannan jimla, ashe ni ban taɓa yarda da ita ba. Kawu da bai taɓa buɗe kundin ba, shi ya yarda.

Ban ce kullum masu mulki suna bin kotu ba. Wannan ma sai da aka ja ƙafa. Laifina shi ne na ɗauki zatona na sa masa rigar sani, na yi caca da gumin wani. Maganar tana gaban alƙalai, haƙurin makonni kaɗan take buƙata, na yanke hukunci kafin su yanke. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa a wuyan kawuna na ɗaura nawa. In kana cikin masu cewa "a ƙasar nan wa ke bin doka", ka faɗa da kuɗinka, kada ka faɗa da na wani.

Dubu 120 ɗin na biya shi kaɗan-kaɗan daga albashi, bayan ya ƙi karɓa har sau biyu. A watan Nuwamba na 2023 Kotun Ƙoli ta cire wa'adin ma baki ɗaya. Waccan dubun mai yagaggen gefe kuwa, a bakin shagon ya cusa mini ita a aljihu, ya ce, "Riƙe, Malam, ka nuna wa yara." Tana cikin littafin darasina, a shafin sashe na 287.