Gani Ya Kori Ji

Masu iya magana kan ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Haka muka kasance mu biyu, miji da mata, a unguwar Sabo ta Ibadan, lokacin da alamun ciki suka sake bayyana a ɗakinmu, bayan ɓari biyu da suka shige a cikin shekara uku. Ba mu yi guɗa ba, ba mu kuma faɗa wa kowa ba in ban da Inna, wadda muka sanar da ita cewa za mu je a ɗauki hoton ciki. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "'Ya'yan nan, abin da Allah Ya lulluɓe, ina ruwanku da leƙensa?" Muka sunkuyar da kai, amma ba mu fasa ba, domin zulumi ya hana mu barci.

A asibiti aka umurci mai ciki ta sha ruwa sosai, ta riƙe fitsari, saboda cikakkiyar mafitsara ita ke sa mahaifa ta fito sarai. Muna kan benci muna jira, likita ta bayyana mana cewa na'urar ba ta aiki da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Sauti take aikawa, wanda ya fi ƙarfin jin kunnen ɗan Adam, ya bugi abin da ke ciki ya dawo, ta mayar da amsa-kuwwar hoto. Wani likita mai suna Ian Donald ne da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin wannan dabara a 1958 daga birnin Glasgow, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki hoton sau ɗaya kafin mako na 24.

Da aka shafa mai mai sanyi a mara, aka ɗora kan na'urar, sai muka ƙura wa likita ido maimakon allon, tun da labarin zuciya a tambayi fuska. Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can sai ta juyo da allon, ta nuna wani ɗigo mai ƙyaftawa a cikin duhu, ta ce, "Ga zuciyarsa nan." Tayin yana cikin mahaifa, inda ya dace ya zauna, tsawonsa santimita 1.6, watau mako 8 ke nan, zuciyar kuwa tana bugawa sau 160 a minti guda. Ta gargaɗe mu cewa haɗarin ɓari ya ragu ƙwarai, amma bai gushe ba, kuma namiji ne ko mace, wannan sai can wajen mako na 20.

Da yamma muka kai wa Inna takardar hoton. Ta juya ta sama da ƙasa, ta ce, "Wannan ɗan ƙwayar waken ne ya hana ku barci?" Daga nan ta naɗe ta a gefen zanenta, ta ce ita za ta adana. Allah Ya raba lafiya, Ya sa mu ji kukansa kamar yadda muka ga bugun zuciyarsa.