Wasiƙa ga Ƙawata Mai Shirin Sauya Aiki

Ƙawata,

  Ya jikin Umma? Allah ya ƙara mata sauƙi. 

Saƙonki ya iso, har da takardar CV ɗin da kika haɗo. Na zauna na karanta ta tsaf, kuma na ga dalilin ɓacin ranki. A ce mace ta shafe shekaru tana ba manyan kamfanoni shawara, ta tsaya gaban shugabannin banki ta yi bayani an saurare ta, amma ta nemi aikin manajan haja, wato mai jagorantar gina manhaja, nan da can, ba abin da ke dawowa sai saƙon ban haƙuri, wani wurin ma shiru kake ji! Kin ce inji ne ke watsar da ke tun kafin idon ɗan Adam ya gan ki. Da gaskiyarki ta wani ɓangaren. Sai dai ni abin da na gani a takardar shi ne, har yanzu mai ba da shawara ce ke magana a cikinta, alhali su mai riƙe aiki suke nema. In muka gyara wannan, da injin da mutumin da ke bayansa duk za su gane ki.

Bari in fara da injin, don ki daina jin tsoronsa. Kusan kowane babban kamfani yana da manhajar da ke tattara takardun masu neman aiki, wadda ake taƙaita sunanta da ATS. Akwai Workday, da Greenhouse, da Lever, da Taleo wadda Oracle ya saya a 2012. Sau da yawa in kika dubi adireshin shafin da kike cike takardar neman aikin, za ki ga sunan wadda suke amfani da ita. Aikinta na farko shi ne ta warware rubutunki ta zuba shi gida-gida: nan suna, nan wuraren aiki, nan shekaru, nan karatu, nan ƙwarewa. Daga nan sai jami'in ɗaukar ma'aikata ya zo ya buga kalmomin da yake nema, manhajar ta fito masa da waɗanda takardunsu ke ɗauke da su. Inda take korar mutum kai tsaye galibi wajen tambayoyin nan ne na eh ko a'a da ake cikewa: kina da izinin aiki a ƙasar? Shekara nawa kika yi a irin wannan aiki? Ki riƙa natsuwa a kansu, kar ki cike su a gurguje kina kan hanya. Yanzu kuma wasu manhajojin sun ƙara da ƙirƙirarriyar basira da ke jera masu nema daga wanda ya fi dacewa zuwa ƙasa. Workday ma ya sayi kamfanin HiredScore a 2024 saboda irin wannan aiki.

Kuma kar ki ɗauka ke kaɗai tankaɗe da rairayar nan ke zubarwa. A 2021 makarantar kasuwanci ta Harvard tare da kamfanin Accenture sun fitar da rahoto bayan sun tambayi masu ɗaukar aiki a Amurka da Birtaniya da Jamus, inda kashi 88 cikin 100 suka yarda cewa ana tsame ƙwararrun da suka cancanta don kawai takardunsu ba su yi daidai da abin da aka rubuta a tallar aikin ba. A 2018 kuma kamfanin labarai na Reuters ya bayyana cewa Amazon ya jingine wata manhajar tantancewa da ya gina, bayan an gano tana rage wa takardun mata maki. Abin ya kai birnin New York ya fara aiki da doka a 2023 da ta wajabta a riƙa binciken irin waɗannan manhajoji ko suna nuna wariya. Ke nan kukanki yana da tushe. To amma tunda ba mu za mu gyara injin yau ba, mu gyara abin da ke hannunmu.

Ga abin da nake so ki yi da daren nan. Buɗe takardar, ki kwafe rubutun gaba ɗaya, ki manna shi a Notepad, inda babu ado babu launi. Abin da kika gani nan, kusan shi injin ke gani. Na yi wa taki haka, ƙawata, sai ki ga yadda ta koma! Da yake kin raba shafin gida biyu a tsaye, layin hagu ya shige cikin na dama, har sunan jami'arki ya faɗo tsakiyar aikin da kika yi wa banki. Lambar wayarki da imel da kika sa a can ƙolin shafi ba su fito ba sam. Taurarin nan da kika jera don nuna iya ƙwarewarki a Excel da SQL, babu ko ɗaya da ya bayyana. Na san hannunki ya saba da PowerPoint, kuma takardar ta yi kyau a ido, amma a nan ki sauke ado. Rubutu ya gangaro daga sama zuwa ƙasa a jere ɗaya, ba akwatuna, ba zane. Kanun sassa su zama waɗanda kowa ya sani: tarihin aiki, karatu, ƙwarewa. Kowane aiki ki sa wata da shekarar farawa da na gamawa, a tsari iri ɗaya. In za ki aika ta a PDF, ki tabbata ana iya kwafar rubutun ciki, ba hoton takarda ba ce. Sunanki kuma ki rubuta shi yadda yake a fasfo, domin haruffanmu masu ƙugiya kan rikiɗe su zama wata alama daban a wasu tsofaffin manhajoji.

Sai abubuwan da muka saba cika takarda da su a nan gida: hoto, ranar haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma, addini, aure ko babu, har da makarantar firamare. Cire su duka. Kamfanonin Amurka da Ingila ba sa son ganinsu, saboda dokokin ƙasashensu sun hana fifita mutum ko ƙin sa a kan shekaru, jinsi ko addini. Kamfanonin fasaha na Legas irin su Paystack da Flutterwave da Moniepoint ma aikinki ne zai ja hankalinsu. Gurbin da kika samu bayan cirewar, da shi za mu yi babban gyaran.

Na ƙirga yadda jimlolinki ke farawa: na ba da shawara, na yi nazari, na gabatar wa shugabanni, na taimaka wajen tsara dabaru. Duk gaskiya ne, kuma a kamfanin da kike, da su ake samun ƙarin girma. Amma mai ba da shawara kamar wadda ta shigo kicin ce ta ɗanɗana miya ta ce a ƙara daddawa, ta wuce. Manajan haja ita ce a gindin murhu, in gishiri ya yi yawa ita za a kira. Mai ɗaukar manajan haja tambayarsa ke nan: wannan matar ta taɓa zaɓar abin da za a gina da wanda za a bari? Ta taɓa zama da injiniyoyi har abu ya fita hannun jama'a? Da ya fita, ta koma ta duba ko ya yi amfani?

Kuma kin yi, shi ya sa abin ke ba ni haushi. Kin tuna aikin bankin nan da ya hana ki zuwa bikin ƙanwata? A takarda layi ɗaya kika ba shi, wai kin ba wani babban banki shawara kan sauya ayyukansa zuwa na zamani. Amma ni na san abin da kika ba ni labari. Ke kika bi rassa kina zama kusa da masu son buɗe asusu ta waya, kina kallon inda yatsansu ke tsayawa. Ke kika gano cewa wajen ɗora hoton katin shaida mutane ke gajiya su rufe manhajar. Ke kika jera gyare-gyaren, kika ce wannan a fara da shi, wancan ya jira, kika riƙa zama da injiniyoyin bankin kowace safiya har sabon tsarin ya fita. Ai wannan shi ne aikin manajan haja tun daga farkonsa har ƙarshe, kika dunƙule shi a kalmar shawara.

Laszlo Bock, wanda ya daɗe yana shugabantar sashen ma'aikata na Google, yana da wani tsari mai sauƙi da ya koyar: ki faɗi abin da kika cim ma, da ma'aunin da ya nuna shi, da hanyar da kika bi. To layin nan sai ya koma kamar haka: na rage yawan masu barin buɗe asusu a tsakiya daga kaza zuwa kaza, ta hanyar hira da masu amfani da manhajar, da tsara jerin gyare-gyare, da aiki tare da injiniyoyi kaza har aka fitar da sabon tsari cikin wata kaza. Ki cike kowane kaza da ainihin adadin da kike da shi. Inda amanar abokin hulɗa ta hana ki faɗin suna ko kuɗi, ki ce ɗaya daga manyan bankunan ƙasar, ki ba da adadin a kaso. Inda kuma ba ke kaɗai kika yanke hukunci ba, ki faɗi rabonki yadda yake. Ki bi duk ayyukanki da wannan ido. Waɗanda suka ƙare a rahoto kawai ki taƙaita su, waɗanda suka kai ga gina wani abu ki ɗaga su sama ki ba su fili.

Batun kalmomi kuma ga yadda za ki yi. Ki tara tallan aikin manajan haja kamar guda biyar ko shida daga kamfanonin da kike so, ki karanta su da biro a hannu, kina ja wa duk abin da ya maimaitu layi. Za ki ga suna ta nanata binciken masu amfani, taswirar abin da za a gina, fifita aiki kan aiki, gwajin A/B, aiki da injiniyoyi da masu zana fasali, da kayan aiki irin su Jira, SQL, Figma ko Amplitude. Duk wanda kika taɓa yi da gaske, ki kira shi da ainihin lafazin da tallar ta yi amfani da shi, domin jami'in ɗaukar ma'aikata lafazin tallarsa zai buga, ba na kamfaninku ba. Ki saka su cikin labarin aikin, inda za a ga hujjarsu, sannan ki maimaita muhimman a sashen ƙwarewa. Kowane aiki da za ki nema ki ɗan sake taɓa takardar ta dace da shi. Uwar takardar tana nan, layukan sama ne da jerin ƙwarewa ke motsawa.

Abu biyu nake roƙon ki kar ki yi, ko wa ya ba ki shawarar. Na farko, kar ki canza sunan muƙaminki ki kira kanki manajan haja a inda ba shi aka ba ki ba; kamfanoni kan tuntuɓi tsohon wurin aiki su tabbatar. Ki bar muƙamin yadda yake, sai ki sa layi biyu a saman takardar da ke cewa ke ƙwararriya ce a ba da shawara kan manhajojin hada-hadar kuɗi, kin jagoranci gina kaza da kaza, kina neman aikin manajan haja. Kin ga sunan aikin ya shiga takardar ta hanyar halal. Na biyu, dabarar nan ta cusa kalmomi da farin rubutu don ido kar ya gani: injin yana fito da komai fili, jami'in zai gan su zube, kuma daga nan ya daina yarda da sauran. Haka in kika rubuta SQL alhali ba ki iya ba, a intabiyu za a miƙo miki tambaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Gara ki ware makonni ki koya sosai, sannan ki rubuta da ƙarfin gwiwa.

Kar ki bari wani ya sa miki jin cewa shekarunki na ba da shawara asara ne. Sundar Pichai daga McKinsey ya shiga Google a 2004, ya riƙe aikin haja, ya jagoranci Chrome da ya fito a 2008, ya zama shugaban kamfanin a 2015. Iya warware matsala mai sarƙaƙiya, da karanta alƙaluma, da shawo kan manya masu ra'ayi daban-daban, duk kin zo da su, kuma manajan haja kullum cikinsu yake. Ki fara da kamfanonin da ke harkar da kika sani, wato banki da biyan kuɗi, domin a can sanin da kika yi wa dokokin Babban Banki da halin kwastomomi zai rufe miki giɓin rashin muƙamin.

Sannan ki nemi mutane. Tsofaffin abokan aikinki da suka koma kamfanonin fasaha, ki yi musu magana a LinkedIn, ki nuna musu sabuwar takardar, ki roƙi wanda ya san aikinki ya gabatar da ke. Wannan ba neman alfarma ba ne. Kamfanonin da kansu suka buɗe wannan ƙofa, wasu har lada suke ba ma'aikacin da ya kawo wanda aka ɗauka. Takardar za ta shiga manhajar dai, amma da alamar cewa wani na ciki ya tsaya miki, kuma irin waɗannan an fi saurin buɗe su. Ki tabbata abin da ke shafinki na LinkedIn ya yi daidai da na takardar, shekara da shekara.

Ki gyara ki turo min kafin Juma'a, tare da tallan aiki biyu da suka fi kwanta miki a rai, mu bi su layi-layi ta waya bayan yara sun yi barci. Daga nan sai mu shiga shirin intabiyu, don shi ma da nasa salon. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya sa albarka a wannan sauyi. Ki gaishe min da Umma da Maigida, ki shafa min kan yara.

Taki har kullum,
Ƙawarki