Gulbin da ba ya tsayawa a shingen kwastan

Daga Katsina zuwa Jibiya tafiyar ba ta da nisa, shingayen bincike ne ke tsawaita ta. Mu 'yan ajinmu na sashen labarin ƙasa mun ratsa su ɗaya bayan ɗaya har can gefen iyakar Najeriya da Nijar, inda kowace mota sai an tsayar da ita an leƙa. Gulbin Gada ne kaɗai ba a tambayarsa takarda.

Da rani ba za ku ce gulbi ne ba. Farin yashi ne shimfiɗe, yara na tona shi da ƙoƙo suna jiran ruwa ya tsattsafo. Amma tafiyarsa doguwa ce. Da ya tsallaka Nijar sai sunansa ya koma Gulbin Maraɗi, ya bi ta Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, sannan ya juyo ya sake shigowa Najeriya ya faɗa Gulbin Rima a jihar Sakkwato.

Kafin ya bar ƙasarmu, madatsar ruwa ta Jibiya ta tare shi. Mun ga albarkarta: gonakin rani kore shar, ga tumatir da albasa, ga masunta. Sai dai ruwan da aka riƙe a nan, wani manomi a fadamar Madarumfa yana can yana jiransa, shi ma Bahaushe, wataƙila ma surukin na Jibiya ne. Wa ke cewa a buɗe? Nawa za a saki, kuma yaushe? A 1990 ƙasashen biyu sun sa hannu a wata yarjejeniya a Maiduguri kan raba ruwan gulaben da suka haɗa su bisa adalci, har da wannan gulbi. A 2010 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa samun tsaftataccen ruwan sha haƙƙin ɗan Adam ne. Mu dai a ganinmu, takarda ba ta shayar da gona sai an sami wanda ya iya auna ruwan, ya kuma iya karanta takardar.

Mutanen Jibiya ba su manta da watan Yulin 2018 ba. Cikin dare ambaliya ta afka wa unguwanni irin su Tukare da Kwata, sama da mutum 40 suka rasu, wasu gawarwakin sai a Nijar aka tsinto su. Injiniya zai bayyana yadda ruwan ya taru. Amma ko an gargaɗi mutane, wa ya bari aka yi gini a hanyar ruwa, ina aka tsugunar da waɗanda suka rasa gidaje, waɗannan tambayoyi ne na haƙƙi.

To ƙannenmu, ga sana'a nan da ke neman masu ita. A sakandare an raba ku, 'yan kimiyya daban, 'yan adabi daban. Wannan aikin duka biyun yake so. In kana ajin kimiyya, kada ka raina darasin gwamnati. In lauya kike son zama, riƙe labarin ƙasa da lissafi. Faransanci kuwa, wanda da yawanmu muka yi wa riƙon sakainar kashi, da shi ake rubuta takardun hukuma a wancan tsallaken.

Wuraren aikin ba tatsuniya ba ne. Akwai hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, akwai cibiyar nazarin albarkatun ruwa ta ƙasa a Kaduna, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da aka kafa a 1995, ga hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar a Yamai.

Ba mu daɗe a bakin gulbin ba. Saboda matsalar 'yan bindiga, direbanmu ya ce kafin la'asar sai mun kama hanyar Katsina.