Neman Dandali a Garin Kuza

 Yau ina son in ɗan yi tsokaci ne a kan kamannin unguwannin da muke zaune a cikinsu, domin abu ne da kullum muke gani amma ba kasafai muke tsayawa mu dube shi ba.

Ni mutumin Damagaram ne ta Jamhuriyar Nijar. A shekarar 1998 na shigo Jos domin karatun zanen gine-gine a Jami'ar Jos, lokacin ko Ingilishin kirki ba na ji, in na ce "lakwal" maimakon makaranta abokai su yi ta dariya. Karatu ya ƙare, aiki ya samu, aure ya biyo baya, ga shi yanzu ina zaune a Rayfield da iyalina. Dukiyar da na fito da ita daga jami'a, in ka ɗebe takardar shaida, ita ce littattafan zane guda shida da na cika da titunan garin nan tsakanin 1999 da 2001.

A wannan fanni, kafin a bar ɗalibi ya zana ginin da babu shi, sai an koya masa zana wanda yake akwai. Za a ce ka ɗauki fensir da littafi ka fita titi, ka zauna ka zana abin da ke gabanka. Hikimar ita ce mai ɗaukar hoto yana iya latsawa ya wuce bai ga komai ba, amma mai zane dole ya ƙirga tagogi, ya auna tsawon bango da tsawon mutumin da ke tsaye a gindinsa, ya lura da inda inuwa take faɗuwa da hantsi da inda take komawa da la'asar. Awa biyu a gaban gida ɗaya, sai ka san abin da mai gidan ma bai sani ba game da gidansa.

Aikin farko da aka ba mu shi ne kowa ya zano filin da jama'ar gari suke taruwa. Na ce a raina wannan ai tuwona maina. A Damagaram in ka shiga unguwar Birni, ƙafarka da kanta za ta kai ka ƙofar fadar Sarki, ga masallaci, ga fili shimfiɗe inda ake hawan salla, duk lungunan unguwar can suke malala kamar ruwa ya nufi gangare. Haka Kano take, haka Katsina, haka Zariya. Garin Bahaushe yana da cibiya, kuma sunanta dandali. Sai na rataya jaka na shiga neman dandalin Jos. Na bi titin Bauchi, na ratsa titin Masallacin Juma'a, na gangara Dilimi da Gangare, na fito Ahmadu Bello Way. Tituna miƙaƙƙu, suna gicciye juna kamar gidan dara, amma babu inda suka taru suka yi cibiya.

Dalili kuwa a fili yake ga wanda ya san tarihin garin. Jos ba ta tashi a gindin fada ba, kuza ce ta haife ta. Turawa sun fara haƙar kuza a kan tsaunukan nan tun farkon ƙarni na 20, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, layin gabas daga Fatakwal ya iso a 1927, aka yanka filaye da igiyar awo, aka ware wajen Turawa daban, wajen 'yan ƙasa daban. Wanda ya yanka fili domin leburori da 'yan tireda bai da buƙatar barin wurin hawan salla. Shi ya sa wurin da ya zama zuciyar gari ma sunan tashar jirgi yake amsawa, wato Taminus.

To amma fa Bahaushe bai iya zama babu dandali ba. Da na daina neman babban fili na koma zana abin da ke gabana, sai na ga ashe an farfasa dandalin ne an raba wa kowace ƙofar gida guntunsa. Ga dakali a jikin bango inda dattawa suke shan hantsi, domin a Jos rana ake nema da safe, saɓanin garinmu inda kowa inuwa yake bi. Ga teburin mai shayi a kan kwana, da bencina uku da suka yi masa kewaye, nan ne majalisar unguwa. Ga tabarmi a bakin titi ranar ɗaurin aure, an tare hanya da benci, mai mota ya juya ba tare da ya yi ƙorafi ba. Ranar Juma'a kuwa titunan da ke kewaye da babban masallaci su kansu sukan zama fili na ɗan lokaci, a idar da salla su koma tituna. Wannan na zana na kai, shafi goma sha biyu na ƙofofin gidaje, alhali abokan karatuna sun kawo shataletale da filin Polo.

Gidajen su ma abin kallo ne, ko da yake ba wanda yake kiran su da suna gine-ginen gargajiya. Maginin da ya taso daga Kano ko Bauchi ya zo da tubalinsa da azararsa, sai ya tarar da ƙasar da ruwan samanta ya kai wajen milimita 1,400 a shekara, wato ya ninka na Damagaram sau uku, ga shi a kan tudun da ya haura mita 1,200, ga iska, ga ƙanƙara wani lokaci. Soron ƙasa mai shimfiɗaɗɗen rufi da indararo ba zai jure wannan ba. Sai ya riƙe bangon ƙasa saboda ɗumi, ya ɗora masa kwano mai gangara, ya zazzago da bakin kwanon ya rufe bango, ya sa dutse a gindi saboda zaizaya, ya ƙanƙanta tagogi saboda hunturu. Zanko ya tafi, domin babu inda zai zauna a kan kwano. Amma zaure yana nan, shigifa tana nan, har yanzu baƙo ba ya ganin tsakar gida daga titi. A ganina wannan gini ne na Hausawan Jos su kaɗai, babu irinsa a Kano, babu a Damagaram, kuma shaida ce ta mutanen da suka zauna a wuri har suka san halin ruwansa da iskarsa.

Abin mamaki, in kana son ganin ginin Hausa da aka karrama a Jos, sai ka je gidan tarihi. A bayan gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952 akwai filin da aka keɓe wa gine-ginen gargajiya na Nijeriya, aikin wani masanin gini ɗan ƙasar Folan mai suna Zbigniew Dmochowski, wanda ya shafe shekaru yana yawo yana auna gidaje da masallatai da fadoji, aka buga aikinsa cikin mujalladi uku a 1990 bayan rasuwarsa. A can aka gina kwatankwacin ganuwar Kano, da na masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Na yi kwanaki ina zama a cikin wannan masallaci ina zana bakan gizo da ɗaurin guga, wuyana har ya ƙage saboda kallon sama. Nan na fara fahimtar yadda ake jera azara, gajeren itace a kan gajeren itace, har a haye faɗin da itace ɗaya ba zai haye ba. Allah Ya saka wa mutumin nan. Sai dai Kano da Zariya ya kawo mana Jos, kuma ruwan Jos bai taɓa daina cin su ba. Gidan Gangare mai bangon ƙasa da hular kwano, wanda shi ne ya san maganin wannan ruwa, ban taɓa ganin an auna shi an sa a littafi ba.

Rayfield kuwa wata duniya ce. Ranar Asabar nakan hau mota in zo nan in zana gidajen Turawan kuza, lokacin ko a mafarki ban zaci nan zan zauna ba. Nan ne kamfanin ATMN ya yi hedikwata, nan ne filin wasan golf da aka buɗe tun 1913. Gidaje ne na dutse, da bututun hayaƙi a kan rufi saboda murhun jin ɗumi, da baranda mai faɗi, kowane a tsakiyar fili shi kaɗai, itatuwan turare sun yi masa layi. Gidan Bahaushe bango ne a waje fili a ciki, na Bature fili ne a waje gini a tsakiya. Can gefe ga gidajen Birom masu asalin ƙasar, da shingensu na ƙyarana wanda ko akuya ba ta ratsawa, ga Mai Adiko inda namu suka zauna, ga kududdufan da haƙar kuza ta bari da tsibin jar ƙasa a bakinsu. A shafi ɗaya sai ka zana gidan wanda ya kwashi kuzar, da na wanda ya haƙa ta, da na wanda aka haƙa a gonarsa. Farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, amma har lokacin da nake zanen nan kowa yana zaune kusan inda kuzar ta ajiye shi.

Inda na fi ɓata fensir shi ne babbar kasuwar Taminus, wadda ake yi wa kirari da ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. In da Jos tana da dandali guda na kowa da kowa, to ita ce. A zane ɗaya ina da Bahaushe mai atamfa, da Ibo mai kayan lantarki, da Bayarabiya mai kwanuka, da matan Birom da Afizere da Anaguta ɗauke da dankalin Turawa da kabeji, ban kuma shirya su ba, haka na same su. Ranar 7 ga Satumba 2001 rikici ya ɓarke a garin, aka yi asarar rayuka masu yawa daga kowane ɓangare. A watan Fabrairu 2002 gobara ta cinye kasuwar, aka kwashe sama da shekara ashirin ba a sake gina ta ba. Ranar 20 ga Mayu 2014 bama-bamai suka tashi a wannan wuri, mutum fiye da ɗari suka rasu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Bayan 2001 zane a titi ya zama abin tsoro. A da in na zauna yara ne suke kewaye ni, dattijo ya aiko mini da kujera, wata ta leƙo ta ce in sa shagonta a ciki. Daga baya mutumin da ke zaune da littafi yana duban gidajen mutane yana ƙirga ƙofofi, sunansa mai leƙen asiri. Wata rana matasa suka tsare ni a wata unguwa suka karɓi littafin suna juya shi shafi-shafi, ga shi harshena ya nuna ni ba ɗan ƙasa ba ne. Wani dattijo da ya san ni tun ina zuwa zana ƙofar gidansa shi ya raba ni da su. Ban ga laifinsu can-can ba, kowa ya ga abin da ya gani. Rikicin 2008 da na 2010 suka ƙarasa raba garin, Musulmi suka tattara a nasu unguwanni, Kirista a nasu. Akwai titunan da ke cikin littattafaina waɗanda 'ya'yana ba su taɓa takawa ba, alhali da ƙafa nake zuwa can in ci abinci in yi hira har magariba. A nan Rayfield ma in ka ce za ka zana titi yau, katanga za ka zana, da waya mai ƙaya a kanta, da ƙofar ƙarfe. Ni kaina da wannan sana'a nake ci, kuma kusan duk wanda ya kawo mini aiki tsawon katanga yake fara tambaya kafin yawan ɗakuna.

Abin da wuta ta bari kuma, kuɗi yana ƙarasawa. Mai gida ya rasu, magada su sayar, a kawo katafila, bayan wata shida ka ga bene mai shaguna a ƙasa. Ba na zargin kowa, gidan ƙasa yana son gyara duk shekara, iyali sun yi yawa, fili ya yi tsada. Amma mu da kullum ake muhawara a kan yaushe muka zo garin nan, muna rushe gidajen da kakanni suka gina tun zamanin kuza ba tare da ko an auna faɗin zaurensu ba.

Don haka ga roƙona ga duk mai tsohon gida a Gangare, ko Dilimi, ko Unguwar Rogo, ko Bukuru, wanda aka yanke shawarar rushewa. Kafin a kawo lebura, a nemi ɗalibin zanen gine-gine, suna nan birjik a jami'a, cikinsu har da 'ya'yanmu. Abin da yake buƙata igiyar awo ce, da fensir, da izinin shiga daga zaure har ɗakin girki, da dattijo ko dattijuwa guda da za ta zauna kusa da shi tana faɗa masa wane ne ya gina wane ɗaki, kuma a wace shekara aka cire ciyawa aka sa kwano. Aikin yini ɗaya ne, in gidan babba ne yini biyu. In ya gama a ce ya bar wa masu gidan kwafi.