Sawun da muke bari a waya

A nan Gagarawa Tasha, manomin riɗi ba ya faɗa wa dillali abin da ke rumbunsa kafin Alhamis ɗin kasuwar Maigatari. Ni kuwa wayata ce ke tona mini asiri. Da zarar na duba farashin taki, sai tallansa ya bi ni shafi bayan shafi, saboda 'yar alamar da aka dasa a burauzata. Yanayin ɓuya da ƙannena ke tinƙaho da shi, tarihin cikin wayar kaɗai yake sharewa. Shafukan suna ganin mutum sarai. Na koma Firefox, wadda tun 2019 take toshe irin waɗannan alamomi. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ni 'yancin ƙin amincewa, sai dai da Turanci ake tambayata.